Fatar da Halliru Bai Sani Ba

Duk wanda ya taɓa sayar da fatar akuya tsakanin Sabon Birni da Isa ya san Halliru Mai Fata, kuma ba kowa ke tuna shi da murmushi ba. Mutum ne da za ka miƙa masa fata a naɗe, ya warware ta, ya murza gefenta da babban yatsa, ya ɗaga ta ga rana, ya ɗan shinshina, sannan ya gaya maka akuyar daga wajen Tozai ta fito, ta yi ƙazuwa tana ƙarama, kuma mahaucin da ya feɗe ta bahago ne. Ka yi ta rantsuwa har ka gaji. In ka koma ka bincika, sai ka ishe bahagon ne. Da wannan yatsa ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya, ya sa wa ɗakunan gidansa kwano.

Shi da matarsa Kadijatu tun suna da ƙuruciya suke tare. 'Ya'ya sun watse, gida ya rage daga shi sai ita sai tumaki masu yawan kuka. Autarsu Firdausi tana aure a Sakkwato, ga ciki ya tsufa. Da can ɗiya ke zuwa gida wankan jego, amma yadda hanya ta koma, mijinta ya ce ba ya sako mai ciki a cikinta, gara Inna ta zo. Wannan babu laifi. Laifin shi ne abin da ya biyo baya: wai in Inna ta zo, ta zauna ke nan. An gyara mata ɗaki, an sa fanka, asibiti kusa, ruwa a famfo. Baba kuma ai kullum yana kan hanya, sai ya riƙa biyowa in ya kawo fata.

Ranar da surukin ya zo da maganar, Halliru yana zaure da baƙi, sai girman kai ya ɗebe shi ya ce, "Ai ni ban ɗaure kowa ba. Abin da ta zaɓa shi za a yi." Kafin ya rufe baki ya san ya yi cinikin hasara, amma mutane sun riga sun ji. Kadijatu kuwa ba ta ce za ta zauna can ba, ba ta ce za ta dawo ba. Ta dai fara raba kajinta ga maƙwabta.

Ran kasuwar Isa da safe, yana sa takalmi za shi tasha, ta yi magana daga bakin murhu, tana kankare tukunya.

"Malam, in ka shiga Isa ka sawo mini abin wanke fuska."

"Sabulun salo ya ƙare?"

"Ba sabulu ba. Na kwalba, irin na matan birni. Ba ni shiga Sakkwato da fuska kamar gindin tukunyar ga, dangin mijin yarinya su yi ta kallo na."

"To wane iri?"

"Wanda ya dace da fuskata."

"Ai shi nika tambaya."

"Kai da kaka rabe akuyar Tozai da ta Unguwar Lalle?" Ba ta ɗago ba, ba ta kuma daina kankara ba. "Guda ɗaya za ka sawo, kar ka kwaso mini shago. In ka san fuskar, ka san abin da ya dace da ita. In ba ka san ta ba, to ba abin da ka rasa in ta zauna Sakkwato."

Ta faɗi shi ne kamar mai cewa gishiri ya ƙare. Amma Halliru ya daɗe a kasuwa, ya san muryar wanda ya faɗi kuɗinsa na ƙarshe.

A Isa, in ana maganar kayan shafa, wurin Iya Mutiyatu ake zuwa. Bayarabiya ce, amma a nan anka haife ta, ubanta ya zo tallan yadi ya ga gari ya zauna. Tsakanin Gobirawa da Yarabawa kuwa akwai wasa tun na kakanni, ba a gaisawa sai an taɓa juna, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Halliru ya gama sayen fatunsa, ya zuba musu gishiri, ya bar su wurin ajiya, sannan ya bi ta bayan 'yan tireda don kar a gan shi yana shiga.

"A'a, yau bayina sun tuna da uwargijiyarsu," in ji Iya. "Shigo, Bagobiri, amma tsaya daga nan, kar warin akuya ya kama mini turare."

"Ke da kakanninmu sunka sawo kakanninki da ƙwaryar gero, ba a ma cika ta ba."

"Mi kaka so? In tsagen ga ne na fuskarka za ka goge, ba ni da magani. Kyanwar da ta yakushe ku ta daɗe da mutuwa."

"Ku ai damisa ta yi muku naku." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Abin wanke fuska nika so. Na uwargida."

"Kilinza ke nan. Madalla, Gobir ta waye. Fuskarta maiƙo gare ta ko bushewa?"

"Fuska ce dai."

"Na san ba ƙafa ba ce. In ta wanke tana ja mata, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka? Ko kuwa kafin azahar goshi ya fara ƙyalli? Tana ƙuraje? In ta sa abu mai ƙamshi yana mata ƙaiƙayi?"

Halliru ya buɗe baki. Ya kira fuskar Kadijatu a ransa, sai bayanta ya zo, a sunkuye gaban murhu. Ya sake kira, sai hannunta ya zo yana ajiye kwano. Muryarta ta zo daga bayan labule, takunta ya zo, har tarin da take yi in hayaƙi ya shige ta ya zo. Fuska ɗaya ce ta amsa, ta wata yarinya mai sunkuyar da kai ranar da anka kawo ta, ita ma rabinta cikin lulluɓi.

Iya ta ajiye kwalbar da ke hannunta a hankali. "Shekara nawa da auren?"

"Ba ni mafi tsada kawai."

"Tsada ba ta san fuskar matarka ba, kamar kai. Dubi nan." Ta jawo kwalba biyu. "Wanga mai kumfa na masu maiƙo ne. Mai busasshiyar fuska ta sa shi, ta tsage kamar fadama da rani. Wanga kamar madara na masu bushewa ne. Mai maiƙo ta sa shi, ƙuraje su feso mata kamar budurwa. Ga wasu can birjik. Wanne za ni ba ka?"

"Ke mace ce, ki zaɓa mini."

"Ni na aure ta?"

Ya yi tunanin buga wa Firdausi, ya tuna kafin ya kashe waya uwar ta ji. Ya yi tunanin rufe ido ya ɗauki ɗaya, ya tuna ko fatar tunkiya bai taɓa saya ido rufe ba.

Iya ta yago masa 'yan falle na tishu ta ninke. "Ka bari fuskar ta huta, ba bayan alwala ba, ba gaban wuta ba. Ka danna wanga ga goshi, wanga ga hanci, wanga ga kumatu, ka ɗaga su ga rana. Inda akwai maiƙo za ka gani. Sauran kuma ka yi amfani da idanun da Allah ya ba ka, ba don akuya kaɗai ya ba ka su ba. In kasuwa ta zagayo ba ka zo da amsa ba, za ni hau kan bencin ga in gaya ma Isa duk cewa ga Bagobirin da in matarsa ta ɓace sai dai ya ba da cigiyar zaninta."

Da ya dawo gida ya ce wa Kadijatu kayan kirki sun ƙare, sai wata kasuwa. Ta ce, "Allah ya kai mu." A ranar ta ba Hajjo maƙwabciyarsu zakaranta.

Sai Halliru ya shiga aikin kallo, ya ishe aiki ne mai wuya. Mutum yana iya kallon fata rabin yini ba ta tambaye shi dalili ba. Mace ba haka take ba. Kuma tsarin gidan gaba ɗaya ba a yi shi don kallo ba: shi yana cin abinci a zaure, ita a tsakar gida, in za su yi magana ɗaya na aiki ɗaya na tsaye a bakin ƙofa, kowa yana duban wani wuri. Haka ya ga ubansa ya yi, haka kowa ke yi, kuma an zauna lafiya.

Ya ɗauko tabarmarsa daga zaure ya shimfiɗa a tsakar gida, wai zauren ya yi zafi. Tana tankaɗe, yana kallo. Ta juya masa baya, ya ja tabarma ya zagayo. Ta shiga ɗaki, ya tuna yana neman carbinsa a ɗakin.

"Malam, carbin ga shi ga wuyanka."

"Ba wanga ba. Wani."

Washegari da hantsi, lokacin da rana ke nuna aibin fata sosai, ya tsaya a tsakiyar gida ya kira ta.

"Zo ki tsaya nan."

"In yi mi?"

"Ki dai tsaya. Ɗan juyo haka. A'a, wajen rana."

Ta tsaya, ludayi a hannu, tana ƙifta ido. Ya matso, ya karkata kai, ya ja da baya, ya sake matsowa. Ba don ya kama kansa ba da ya shinshina.

"Malam," ta ce a hankali, "ran da ka je asibiti batun hawan jini, akwai abin da likita ya gaya maka ba ka gaya mini ba?"

"Ba komi."

"Mafarki ka yi?"

"Ke, mutum ba shi duban iyalinai sai da mafarki?"

"Ban sani ba. Ban taɓa gani ba."

Da la'asar ya ji su ta kan katanga, ita da Hajjo. Hajjo na cewa marigayi mijinta ma haka ya fara, kallo, kallo, ba magana, daga nan sai ya koma gaida jaki da sunan wansa. Ta ce a ɓoye wuƙaƙe, a kuma daina ba shi goro da yamma. Halliru ya ji duka, ya haɗiye. A daren ya nemi wuƙar yankan farce bai gan ta ba.

Kallon dai bai tafi a banza ba. Ya ga goshinta yana ƙyalli in rana ta take. Ya ga in ta yi alwala ta goge, kumatunta suna yin fari-fari, tana ɗan motsa baki kamar abu ya ɗaure ta. Ya ga tana sosa gefen wuya duk ranar da ta yi wanka da sabulun da Firdausi ta aiko, mai ƙamshin lemo. Ya kuma ga wasu abubuwa da Iya ba ta tambaya ba: in za ta yi dariya gira ɗaya ke fara tashi, kuma in tana zare tsakuwa daga shinkafa sai ta ɗan fito da harshe. Waɗannan bai san kwalbar da za a sa su ba, ya dai ajiye.

Saura tishu. Da asuba ba dama, tana riga shi tashi ta yi alwala. Da hantsi tana gaban wuta. Lokaci ɗaya ne fuskar ke hutawa, bayan azahar in ta ci abinci ta kishingiɗa a rumfa barci ya ɗauke ta. Ya jira har numfashinta ya daidaita, ya cire takalmi, ya lallaɓo kamar ɓarawon kaza a gidansa na kansa. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya tsaya cak. Ba ta motsa ba. Ya danna falle ɗaya a kumatu ya cire. Ya danna ɗaya a hanci ya cire. Na goshin ne ya manne, ya ƙi fita da sauri, yana ƙoƙarin kama gefensa sai ga idanu biyu a buɗe ƙarƙashin farar takarda.

Sunka dubi juna.

"Malam, ban mutu ba tukuna. In lokacin ya yi akwai masu sa auduga, ba kai ba ne."

"Ƙuda ne ya sauka miki."

"Shi ne ka yi mai shimfiɗa?"

Ya figi takardarsa ya yi zaure, ba takalmi. Can ya ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya. Na goshi ya jiƙe da maiƙo har ana ganin haske ta cikinsa. Na hanci haka. Na kumatu kuwa kamar ba a taɓa komi da shi ba. Fuska ɗaya, hali biyu. Ya zauna ya riƙe haɓa. Da fata ce anka kawo masa haka, tsakiya da mai, gefe a bushe, ba zai ce komi ba sai ya murza. Shi saninsa ba a ido yake ba, balle a takarda. A yatsa yake.

Ya tashi ya koma ciki. Tana zaune inda ya bar ta, ta gyara ɗaurin kallabi, tana duban ƙofa kamar mai lissafin taku nawa ne zuwa gidan Hajjo.

"Akwai baƙin tukunya ga kuncinki," ya ce.

"Ƙudan ya tafi, baƙin tukunya ya zo."

Ya matso. Ya durƙusa ya sa babban yatsa a kuncinta ya ja a hankali, daga gefen baki zuwa kunne, yana bin tsagen Gobir da wanzamin garinsu ya yi mata tana jaririya. Fatar a bushe take, ta yi kaushi tsakanin layukan, irin kaushin abin da anka daɗe ana wanke shi da sabulu mai toka. Amma ba ta yi kauri ba. Siririya ce, irin wadda in ta faɗa hannun majemi marar haƙuri zai lalata ta. Kusa da kunne yatsan ya ci karo da wani ɗan tabo mai santsi, kamar ƙwayar wake.

"Wanga fa? Yaushe kinka same shi?"

"Man ƙuli ne ya fallatso mini."

"Kwanan nan?"

"Ina goyon Abbas."

Abbas ɗansu ne na biyu, yana Maraɗi yana sayar da taya, furfura ta fara fito masa a gemu. Halliru ya janye hannunsa. Ya ce baƙin ya fita. Ta ce ta gode. Da yamma bai ji ta kira Hajjo ba.

Kasuwa ta zagayo. Wannan karon ta gaban 'yan tireda ya bi, ya ishe Iya da mata biyu suna zaɓen jan baki, bai jira sun tafi ba.

"Ga shi nan," in ji Iya. "In hau benci?"

"Ki zauna, kar benci ya karye a ce Bagobiri ya jawo. Goshi da hanci maiƙo, amma sai rana ta take. Kumatu a bushe, sun fi bushewa tsakanin tsage, sabulun salo ya cinye su. Ba ta ƙuraje. Abu mai ƙamshi shina sa ta susa, ga wuya ya fi. Fatar siririya ce, ba ta son a matsa mata. Akwai tabon ƙuna kusa da kunnen hagu, tsoho ne, ba ruwan kowa da shi."

Matan nan biyu sun daina zaɓen jan baki. Ɗaya ta ce wa ɗayar, "Ji mijin wata."

Iya ba ta nuna komi ba. Ta jawo wata kwalba ja mai hoton mace fara tas. "To ga naka. Wanga shi ka tashe yanzu. Kafin ta isa Sakkwato ta yi haske, dangin miji su ɗauka Balarabiya ce."

"Baƙa na auro, baƙa nika so a maido mini. Ɗauke."

"Wanga fa mai kumfa? Ka ce akwai maiƙo."

"Ya gyara goshi ya kashe kumatu? In na zuba ma fata gishirin da ya fi ƙarfinta don tsakiya, gefe ya ƙone. Buɗe mini waɗancan."

Ta buɗe masa, tana ƙunƙuni wai Gobirawa za su ƙarar mata da kaya da ɗanɗane. Ya ɗiga kowanne a bayan hannu, ya murza, ya shinshina, ya zuba ruwan buta ya ɗauraye, ya tsaya ya ji abin da fatar za ta ce. Ɗaya ya bar hannun yana ƙara kamar an wanke faranti, ya ture shi. Ɗaya ya bar santsi kamar man shanu, ya ture shi. Ɗaya ƙamshinsa ya sa shi atishawa. Can ƙasan kanta akwai wata farar kwalba ba hoto ba ado, ruwanta garai-garai mai ɗan yauƙi, ba ƙamshi, kumfarta kaɗan. Ya wanke, ya jira ya bushe, ya dunƙule hannu ya buɗe. Bai ja ba, bai bar maiƙo ba.

"Wanga."

Iya ta dube shi, ta dubi kwalbar. "Shi za ni ba ka tun farko da ka san abin da kaka nema. Safe da dare, kaɗan, da ruwa mai ɗumi, kar ta goga da ƙarfi. In ta gama ta shafa man kaɗe ga kumatu, ban da goshi." Ta sa a leda ta ƙulle. "Ka gaya mata uwargijiyarta na gaishe ta, kuma ta yi haƙuri. Mijin da ya ɗauki shekarun ga kafin ya kai kunnen hagu, ban san yaushe za shi kai na dama ba."

A gida Kadijatu ta karɓi ledar. Ta juya kwalbar, ta buɗe, ta shinshina, ta rufe, ta kai ɗaki. Da safe ya ji ta ɗora ruwa, ya ji ta daɗe a bayan ɗaki fiye da kullum. Ta fito ta wuce shi ta kama shara. Ya so ya tambaya, girman kai ya riƙe masa harshe. Haka anka yi kwanaki, ita ba ta ce ya dace ba, ba ta ce bai dace ba, shi kuma tabarmarsa tana tsakar gida ya rasa dalilin mayar da ita zaure.

Ana haka Firdausi ta sauka, an samu ɗiya mace. Bayan an gama barka da addu'a a waya, Kadijatu ta shige rumfa da wayar a kunne, shi yana zaune yana jin rabin zancen.

"Za ni zo, mi zai hana. In yi miki wanka har arba'in... A'a, wanga kam ba shi yiwuwa. Ki ba mijinki haƙuri, ya sa baƙi ga ɗakin... Babanki ne. Ba shi da lafiya... Jiki lau. Kai ne." Ta rage murya, amma ba yadda zai kasa ji ba. "Kallo na shika yi wuni. Ya tsai da ni ga rana kamar shanya. Ran nan na farka na ishe ya liƙa mini takarda ga goshi. Hajjo ta ce haka nata ya fara. In na bar shi shi kaɗai wa za shi duba shi? Ko arba'in ɗin sai na roƙi Hajjo ta riƙa leƙowa."

Halliru ya miƙe tsaye. Shi da ake rantsuwa da kansa daga nan har Maraɗi, shi za a ce kai ya taɓu? Gobe maganar ta shiga dangin suruki, jibi ta biyo motar Sakkwato ta sauka a tasha. Ya nufo rumfar da bayani cike da baki: Iya, tishu, maiƙo, kwalba, duka.

Kadijatu ta miƙo masa wayar. "Ga shi, ki ji da kunnenki."

"Baba?" in ji Firdausi. "Baba, lafiya? Ka gane mai magana?"

Ya riƙe wayar. Bayanin yana nan a kan harshe, in ya sake shi sunansa ya wanku, ɗakin nan mai fanka kuma ya sake buɗewa, don ba sauran dalilin da uwa za ta ba ɗiyarta mai jego na ƙin zama. Ya dubi Kadijatu. Tana tsaye ta harɗe hannu, kumatunta sun yi laushi, farin nan ya tafi, gira ɗaya ta fara tashi.

Ya yi gyaran murya. "Wa ke nan? Hajjo ce?"

Firdausi ta fashe da kuka. Kadijatu ta fizge wayar, ta yi ta lallashi, tana cewa da sauƙi, yana ci yana sha, wani lokacin ma har yana gane mutane. Da ta kashe ta juyo.

"Ka cika gishiri, Malam. Cewa na yi ka taɓu, ban ce ka tafi duka ba. Yanzu mijinta ya ce in mota ta zo ɗauka ta a taho da kai, likitan ƙwaƙwalwa ya duba ka."

"Sai in je. Ina da fatun da za ni kai dama." Ya dubi kumatunta. "Abin ya dace?"

"Bai ja ba."

"Shi ke nan?"

"Mi kaka so, in yi guɗa?" Ta ɗauki tsintsiya. "Ka je ka gaya ma Hajjo ta maido mini zakarana. In ta tambaye ka ko ka gane ta, kar ka yi saurin amsawa."